Yini Guda a Ƙaramin Tsibiri: Tambayoyi da Amsoshi kan Leƙen Ƙarƙashin Teku a Zanzibar

Mafi yawanmu mun tashi ne nesa da teku. Ruwan da muka saba da shi shi ne na kogi da tafki da dam, kuma galibi ruwa ne mai duhu wanda idan mutum ya tsoma hannu ba zai ga yatsunsa ba. Saboda haka idan Bahaushe ya je Zanzibar, ko hutu ya kai shi ko taro ko kasuwanci, aka ba shi shawarar ya ware yini guda ya bi jirgi zuwa wani ƙaramin tsibiri ya kalli kifaye a mazauninsu, yakan ji sha'awa da fargaba a lokaci guda. Amsoshin da ke ƙasa na irin wannan mutum ne, wanda bai taɓa yi ba, wanda kuma yake so ya je ya dawo lafiya ba tare da ya bar addininsa ko mutuncinsa a bakin ruwa ba.

Mene ne ainihin abin da ake yi a wannan tafiya?

Mutum yakan sa gilashin da ke rufe idanu da hanci, ya kama wani gajeren bututu da baki wanda ɗaya kansa ke sama da ruwa, sannan ya kwanta rub da ciki a saman ruwa yana numfashi ta baki yana kallon ƙasa. Turawa na kiransa sinokilin, kuma da wannan suna za ka gan shi a allunan masu shirya yawon buɗe ido. Ya bambanta da nutso da tukunyar iska, wanda ke bukatar horo da takardar shaida, domin a nan mutum yana saman ruwa ne, kuma iskar da yake shaƙa ita ce ta sarari. Akan ƙara da wasu takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, waɗanda ke sa mutum ya yi gaba da ɗan motsi kaɗan. Bututun bai cika wuce santimita 40 ba, kuma akwai dalili: idan ya yi tsawo, iskar da mutum ya fitar takan tsaya a ciki ya sake shaƙarta, sannan nauyin ruwa a ƙirji ba zai bar huhu ya buɗe ba idan aka yi ƙasa ko da kaɗan ne.

Ban iya iyo ba ko kaɗan. Zan iya zuwa?

Za ka iya, amma da sharuɗɗa, kuma sharaɗi na farko shi ne ka faɗa da bakinka tun kafin ka biya kuɗi. Kunya ce ke hana manyan mutane da yawa su ce ba su iya iyo ba, kuma wannan kunya tana iya jefa rai cikin haɗari. Da Suwahili ana cewa "sijui kuogelea", wato ban iya iyo ba, kuma ya kamata matuƙin jirgi, wanda suke kira nahodha, da ɗan rakiyar da zai shiga ruwa su ji wannan magana daga gare ka.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, saboda haka yana tallafe jiki fiye da ruwan kogi, amma wannan bai isa abin dogaro ba. Ka sa rigar hana nutsewa wadda ta yi daidai da jikinka, ka ɗaure dukkan igiyoyinta, kada ka cire ta muddin kana cikin ruwa ko cikin jirgi. Ka fara gwadawa a inda ruwa bai wuce ƙugu ba: ka durƙusa, ka sa fuska a ruwa, ka yi numfashi a hankali ta bututu har sai zuciyarka ta daina bugawa da sauri. 'Yan rakiya nagari sukan ja wata tayar ceto a ruwa wadda baƙi ke riƙewa, su yi ta zagayawa da su a kan murjani, wato tudun halittu masu kama da dutse da ke ƙarƙashin ruwa inda kifaye ke taruwa. Idan jirgin da aka nuna maka ba shi da rigar da ta dace da kai, ko babu wanda zai shiga ruwa tare da ku, to wannan tafiya ba taka ba ce, ka nemi wata.

Wane tsibiri ya kamata in zaɓa?

Babban tsibirin da ake kira Zanzibar sunansa Unguja, kuma ƙananan tsibirai ne suka kewaye shi. Kowannensu da irin abin da ya dace da shi, kuma a ganina a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin sukan bi wanda aka fara tallata musu a bakin ruwa.

Mafi kusa da Stone Town, tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, shi ne Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku. Bai kai kilomita 6 daga gari ba, kuma ƙaramin jirgi kan isa cikin rabin sa'a ko ƙasa da haka. A 1893 Lloyd Mathews, Baturen Birtaniya da ke riƙe da muƙamin firaministan Sarkin Zanzibar, ya sa aka gina kurkuku a wurin, amma ba a taɓa tsare fursunoni a ginin ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cututtuka masu yaɗuwa. Abin da ke jan mutane a yau shi ne manyan kunkuru 'yan asalin tsibirin Aldabra, waɗanda tushensu kyauta ce ta guda huɗu da gwamnan Seychelles ya aiko a 1919. Wuri ne mai kyau ga iyali da tsofaffi da mai son tarihi, sai dai murjaninsa ya sha wahala saboda yawan jirage da kusanci da gari. Galibi akan haɗa shi da Nakupenda, wani tudun farin yashi da ke fitowa idan teku ta janye, ya kuma ɓace idan ta cika. Ruwan gefensa bai da zurfi, don haka ya dace da mai koyo, amma babu bishiya ko ɗaya a kansa, babu kuma ban-ɗaki, inuwar da ake samu sai ta rumfar da masu jirgi suka kafa.

A kudu maso yamma akwai mashigin Menai, wanda aka keɓe don kariya a 1997. Akan tashi daga ƙauyen Fumba a jiragen katako masu filafilai, a tsaya a wurare biyu ko uku, a ci abincin rana a tsibirin Kwale. Yini ne cikakke, kuma jama'a kan yi yawa.

Mnemba yana arewa maso gabas, daura da ƙauyukan Matemwe da Muyuni, tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi a mota daga gari kafin a hau jirgi. Ruwansa garau yake, kifayensa suna da yawa, kunkurun teku kuma suna zuwa yin ƙwai a yashinsa. Abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun isa shi ne tsibirin kansa a hannun wani masauki mai zaman kansa yake, baƙo na yini guda ba ya taka ƙasarsa. Daga cikin jirgi ake faɗawa ruwa, a inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, kuma wani lokaci akwai igiyar ruwa mai ja. Ban ba mai zuwa karon farko shawarar ya fara da nan ba, sai idan ya riga ya gwada a wuri mara zurfi.

Wanda na fi ganin ƙimarsa shi ne Chumbe, kimanin kilomita 12 kudu maso yammacin gari, tafiyar kusan minti 45 a jirgi. A 1994 gwamnatin Zanzibar ta ayyana murjanin da ke yammacinsa a matsayin wurin da aka haramta kamun kifi, kuma tun daga lokacin masu gadi, waɗanda da yawansu 'yan ƙauyukan masunta ne, suke kula da shi. An ƙirga fiye da nau'i 200 na murjani mai tauri a wannan ɗan yanki. Ana ƙayyade yawan baƙin da za su shiga a kowace rana, don haka dole ne a yi rajista tun da wuri, kuɗinsa kuma ya fi na sauran. A kan tsibirin akwai hasumiyar haska wa jirage hanya da aka gina a 1904, da ƙaramin masallacin da masu kula da hasumiyar suka yi sallah a ciki, da wata irin ƙaguwa mai girman gaske da ke hawa bishiya tana iya fasa kwakwa. Wanda yake so ya ga yadda ƙasan teku yake idan aka ƙyale shi shekara talatin ba a taɓa ba, nan ya kamata ya je.

Wane lokaci ne na shekara ya fi dacewa?

Iska biyu ce ke mulkin wannan gaɓa, kuma da su jiragen fatake suka riƙa zirga-zirga tsakanin Zanzibar da Oman da Indiya tun ɗaruruwan shekaru. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, kusi kuma daga kudu maso gabas daga wajen Afrilu zuwa Satumba ko Oktoba, kuma ita ce ta fi ƙarfi. Babbar damina, wadda suke kira masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa kan gurɓace, tafiye-tafiye da yawa kuma sukan fasa. Ƙaramar damina, vuli, tana zuwa wajen Nuwamba, amma ruwanta yakan zuba ya ɗauke. Daga Yuni zuwa Oktoba sama takan yi sarari, zafi ya ragu, sai dai teku kan yi motsi a wasu ranaku. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana zafi sosai, ruwan kuma yana da ɗumi. Duk shekara ɗumin ruwan yana tsakanin digiri 25 zuwa 29, saboda haka sanyi ba shi ne babbar matsala ba.

Me ya sa masu jirgi ke canza lokacin tashi daga rana zuwa rana?

Wannan ba rashin tsari ba ne. Teku a nan tana cika ta janye sau biyu a kowace rana, kuma bambancin tsakanin cika da janyewa yakan kai kusan mita 4 a wasu ranaku, har mutum ya ga wurin da jirgi ke shawagi da safe ya zama busasshen fili da hantsi. Lokacin cikar yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, domin wata ne ke jan ruwan. Mai lissafin kwanan wata na Hijira yana da sauƙin gane wannan: a farkon wata da kuma ranakun 14 da 15 ne ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa, abin da masunta ke kira bamvua, a wajen 7 ga wata da 22 kuma motsinsa kaɗan ne, suna kiransa maji mafu, wato mataccen ruwa. Idan ruwa ya janye ƙwarai, murjani yakan matso kusa da sama har mai iyo ya riƙa gogar sa da ciki, idan kuma yana tsakiyar shigowa ko fita da ƙarfi, igiyarsa takan ja mutum. Don haka idan nahodha ya ce a tashi ƙarfe bakwai ko a jira sai goma, ka bi maganarsa, domin jadawalin teku yake karantawa.

Akwai wani abin lura game da agogo. Masu jin Suwahili suna fara ƙirga sa'o'i daga wayewar gari, saboda haka "saa moja asubuhi", wato sa'a ta ɗaya da safe, ƙarfe 7 ke nan, "saa tatu" kuma ƙarfe 9. Ka tabbatar da wane lissafi aka ba ka lokaci. Ka kuma tuna cewa Tanzaniya tana gaban Nijeriya da Nijar da sa'a biyu.

Ta yaya zan gane jirgin da za a amince da shi?

Mu da muke jin labarin kifewar kwale-kwale a kogin Kwara kusan kowace damina mun san abubuwan da ke kawo ta: lodi fiye da ƙima, rashin rigar hana nutsewa, da tafiya a lokacin da bai dace ba. Zanzibar ma ta ɗanɗani wannan baƙin ciki, domin jirgin fasinja Spice Islander ya nutse a Satumbar 2011, Skagit kuma a Yulin 2012, kuma an rasa rayuka masu yawa a duka biyun. Kafin ka hau, ka ƙirga rigunan da idonka, ka ga ko sun kai yawan mutane, har da ƙanana na yara. Ka duba ko akwai tsanin hawowa daga ruwa, domin komawa cikin jirgi ba tare da tsani ba aiki ne mai wuya ga mai jiki ko mai shekaru. Ka tambaya ko akwai rumfa, da ruwan sha, da akwatin taimakon gaggawa, da kuma mutum nawa za a ɗauka. A bakin ruwan Stone Town akwai 'yan kamasho masu bin baƙi, waɗanda mutanen gari ke kira papasi. Wasunsu suna haɗa mutum da jirgi mai kyau, amma idan matsala ta taso babu ofishin da za ka je. Ya fi aminci ka bi ta masaukinka ko ta kamfani mai rajista, ko da kuɗin ya ɗan ƙaru.

Me ke cikin kuɗin da zan biya?

Farashi yana sauyawa da lokaci da wuri da yawan mutane, kuma ana ciniki kamar yadda muke yi a gida. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a fayyace tun farko ko kuɗin ya haɗa da motar zuwa bakin ruwa, da kayan iyo, da abincin rana, da kuɗin shiga tsibiri ko yankin da aka keɓe, domin waɗannan na ƙarshe su ne aka fi ɓoyewa sai an isa. Ka riƙe shilin Tanzaniya a hannu cikin jaka mai hana ruwa, kada kuma ka biya duka kafin ka ga jirgin.

Wace irin sutura ta dace, musamman ga mata?

Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma ganin mace cikin cikakkiyar sutura a bakin ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Akwai kayan iyo na mata masu dogon hannu da dogon wando da hula mai kama kai da wuya, kuma ya fi kyau a saye su tun daga gida. Abin da nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne shiga ruwa da dogon hijabi ko abaya ko zani. Yadi mai faɗi yakan sha ruwa ya yi nauyi, ya naɗe ƙafa, ko ya taso ya rufe fuska da bakin bututu. A ajiye hijabin a jirgi a cikin jaka, a sa shi da zarar an fito. Iyalin da ba sa son cakuɗuwa da baƙi, waɗanda shigarsu ta bambanta da tamu, suna iya ɗaukar shatar ƙaramin jirgi su kaɗai, su kuma nemi a tashi da sassafe kafin wuri ya cika.

Namiji ya nemi wando mai rufe gwiwa wanda ba ya shan ruwa, da riga mai dogon hannu ta iyo. Wannan shiga tana da wani amfanin: mai kwance a saman ruwa yana miƙa wa rana bayansa da ƙeyarsa da bayan ƙafafunsa na tsawon sa'a guda ba tare da ya ji zafi ba, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa, ta yi raɗaɗi ta saɓule bayan kwana biyu. Sutura ta fi man kariya daga rana, domin wasu sinadaran da ke cikin irin wannan mai suna cutar da murjani, har ƙasar Palau ta haramta su a 2020.

Yaya batun alwala da sallah da abinci?

Ruwan teku mai tsarki ne kuma mai tsarkakewa. Hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya nuna cewa da masu tafiya a teku suka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Don haka za ka iya alwala a bakin ruwa ka yi sallah a kan yashi mai tsabta. Abin da zai rikita Bahaushe shi ne alƙibla. Mun saba gabas ita ce alƙibla har kalmomin biyu suka zama kamar ɗaya a bakinmu, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan kai tsaye, saboda haka arewa ake fuskanta. Masu jirgi da yawa suna sallah, kuma tambayarsu ta fi dogaro da waya a inda babu sabis. Game da ƙasaru, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye a gari yana cika sallah, kuma ɗan nisan da ke tsakanin gari da waɗannan tsibirai bai kai na ƙasaru ba. Tafiyar yini cikakke takan ci lokacin Juma'a, don haka a zaɓi wata rana.

Abincin da aka saba bayarwa shi ne gasasshen kifi da jatan lande da pweza, wata halittar ruwa mai hannu takwas, da shinkafa da miyar kwakwa da 'ya'yan itace irin su abarba da mangwaro da kankana. Wanda jikinsa bai saba da irin waɗannan halittu ba ya fara da kaɗan, wanda kuma ya san suna tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi ya faɗa tun kafin tafiya, domin asibiti yana da nisa daga tudun yashi. A wasu jiragen ana raba giya, kuma ana iya tambaya tun farko a zaɓi wanda ba ya yi. A watan Ramadan ban ga hikimar yin wannan tafiya da azumi a baki ba, saboda mai koyo da wuya ya kauce wa haɗiyar ruwa, ga kuma ƙishirwar da rana da gishiri ke jawowa.

Ina da gemu da gashin baki. Gilashin zai zauna?

Gemu ba ya hana komai, domin gilashin bai kai haɓa ba. Gashin baki ne ke barin ruwa ya riƙa tsiyaya ta ƙarƙashin hanci, kuma rage ɗan layin da ke daf da hancin yakan wadatar. Don gwada gilashi, ka ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, idan ya manne bai faɗi ba to ya yi daidai. Matse igiya da ƙarfi ba ya hana yoyo, sai ma ya ƙara. Idan gilashi yana yin hazo, ɗigon sabulun wankan jarirai da aka shafa aka ɗauraye yana magance shi. Idan ruwa ya shiga bututu, ka fesar da shi da numfashi guda mai ƙarfi, ko ka ɗaga kai ka cire shi ka zubar. Mai sa tabarau ba zai iya sa shi a cikin gilashin ba, amma ruwa yana ƙara wa abubuwa girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da ke taimaka wa mai ƙaramar matsalar gani.

Me zan gani a ƙasa?

Sunan murjani ba baƙo ba ne a kunnenmu, mun san shi a wuyan amare da kuma cikin Suratur Rahman inda aka ambace shi tare da lu'ulu'u. Jan murjanin ado yawanci daga Bahar Rum yake fitowa, wanda za ka gani a nan kuma danginsa ne masu gina tudu a ƙarƙashin ruwa. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani kuma dunƙule guda da ya fi ɗaki girma. Ko da yake kamar dutse yake, halitta ce mai rai: dubban ƙananan dabbobi ne, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa, kuma a cikin jikinsu akwai wasu ƙananan tsirrai da ke samar musu abinci daga hasken rana, su ne kuma ke ba su launi.

A tsakaninsu za ka ga kifi mai baki kamar na aku yana gatsar murjani har kana jin ƙarar a kunnenka, kuma abin da yake fitarwa yana daga cikin farin yashin da ka taka a bakin ruwa. Akwai ƙananan kifaye masu ruwan lemo da fararen zobba da ke zaune cikin wata halitta mai harbi wadda ba ta cutar da su, da garken shuɗɗan kifaye da ke juyawa gaba ɗaya a lokaci guda, da taurarin teku a kan yashi. Mai rabo yakan haɗu da kunkurun teku ko dolfin, wata babbar dabbar ruwa mai kama da kifi. Wanda ya rage motsi ya bar ruwa ya ɗauke shi ya fi ganin abubuwa, domin kifaye sukan saki jiki su matso. Masu jirgi na yawan cewa "pole pole", wato sannu-sannu.

Akwai abin da zai cutar da ni? Kifin shak fa?

Shak ɗin da akan gani a irin waɗannan wurare ƙanana ne masu gudun mutum. Abin da ya fi raunata baƙi shi ne abin da suka taka ko suka taɓa. Akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke zama a tsakanin duwatsu, kuma ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa. Akwai kifi mai kama da dutse wanda dafinsa ke da tsanani, da wani mai faɗi da ke binne kansa a yashi yana da ƙaya a wutsiya, da dodon koɗi mai siffar mazurari da ke harbi idan aka ɗauke shi. Takalmin roba mai rufe ƙafa, da jan ƙafa a yashi maimakon ɗagawa, suna kare mutum daga yawancinsu. Idan ƙaya mai dafi ta soki mutum, a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, a kuma nufi asibiti. Idan halittar nan mai kama da leda mai yauƙi ta harbe shi, a wanke da ruwan teku, kada a murza, kada kuma a zuba ruwan sha domin yana ƙara tayar da dafin. Yankan murjani, ko da ƙarami ne, yana saurin ruruwa, don haka a wanke shi sosai da sabulu.

Me ya sa ake hana taɓa murjani ko ɗaukar wani abu zuwa gida?

Murjani mai dunƙule yana ƙaruwa ne da kimanin santimita 1 a shekara, saboda haka abin da ƙafa ɗaya ta karya cikin daƙiƙa yana iya zama ginin shekaru masu yawa. Ga shi kuma yana fama da ɗumamar teku: idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na makonni, yakan kori tsirran da ke jikinsa ya yi fari fat, idan zafin ya daɗe ya mutu. Hakan ya faru a gaɓar Afirka ta Gabas a 1998 da 2016 da 2024. Masuntan Unguja da iyalansu da wannan murjani suke ci, domin a cikinsa kifi ke hayayyafa, shi ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso ƙauyukansu. Kada ka tsaya a kansa, kada ka ciro tauraron teku don ɗaukar hoto domin a cikin ruwa yake numfashi, kada ka ba kifi burodi, kuma idan matuƙi ya fara bin dolfin da gudu don ya faranta maka, ka ce masa ya bari. Murjani mai tauri yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta taƙaita fataucinsu tsakanin ƙasashe, saboda haka tsarabarsa tana iya jawo matsala a filin jirgi. Tanzaniya ta kuma haramta jakar leda tun Yunin 2019.

Su wa ya kamata su ga likita kafin su je? Yara fa?

Mai ciwon zuciya ko hawan jini da bai daidaita ba, da mai asma, da mai farfaɗiya, da mai juna biyu. Na ƙara da masu sikila, waɗanda muke da su da yawa a cikinmu, domin daɗewa a ruwa da iska mai kaɗawa a jikin da ya jiƙe da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya duk suna iya tayar da ciwon. Idan likita ya yarda, a taƙaita zama a ruwa, a sha ruwa sosai, a goge jiki a rufe da zarar an fito. Yaro yana iya yi idan ya natsu da sa fuska a ruwa, da rigar da ta yi masa daidai, da babba guda da ke kusa da shi har hannu yana iya kai wa gare shi. Kada a tilasta wa yaron da ya tsorata. Ga masu ƙarfin jiki kuma, kada a yi ta jan numfashi da sauri kafin a nutsa don a daɗe a ƙasa, domin hakan yana sa mutum ya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba.

Mai jin jiri da tashin zuciya a mota zai iya jin su a jirgi. Ya ci abinci mara maiƙo da safe, ya zauna a tsakiyar jirgi, ya kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya. Citta tana taimaka wa wasu. Ƙwayoyin hana amai sukan sa barci, saboda haka a gwada su tun kafin ranar.

Waɗanne takardu nake bukata, kuma zan iya hawa jirgin sama a daren ranar?

Masu fasfon Nijeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai sun nema ta intanet an amince tun kafin su taso, kuma amsar takan ɗauki makonni, don haka kada a yanki tikiti da ƙurarren lokaci. Ana neman katin rigakafin shawara daga masu zuwa daga ƙasashenmu. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshorar gwamnatinta. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka a tabbatar da su daga ofishin jakadanci kafin tafiya. Hanyar da aka fi bi daga Kano ko Abuja ko Yamai ita ce ta Addis Ababa zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume da ke Zanzibar. Mutumin da ke birnin Darussalam na Tanzaniya kuma zai iya ƙetarowa a jirgin ruwa cikin kimanin sa'a biyu.

Wanda ya yi nutso da tukunyar iska dole ne ya jira sa'o'i masu yawa kafin ya hau jirgin sama, amma wannan doka ba ta shafi wanda ya tsaya a saman ruwa da bututu ba. Duk da haka ban ba da shawarar a sa wannan tafiya a ranar ƙarshe ba. Iskar yamma takan tayar da teku, inji kan tsaya, janyewar ruwa kuma kan sa jirgi ya jira ko ya sauke mutane nesa da gaɓa su ƙarasa da ƙafa. Ka sa ta a rana ta biyu ko ta uku da isowarka, ta yadda idan nahodha ya dubi sama da safe ya ce yau ba za a fita ba, kana da sauran kwanaki da za ka sake gwadawa.